Zara'u Mai Bizne

Arewa da Gulbin Kaba, inda goriba ke yin sallama yashi ya karɓi ƙasa, akwai wata jigawa mai gawo a ƙirjinta. Mai tafiya daga Tasawa zuwa Mayahi ba zai gan ta ba sai ya bar hanyar fatake ya karkata dama, ya bi sawun awaki. Can wani mutum mai suna Jatau ya haƙa rijiya, a zamanin da mutum ke samun gari da damtsensa: ya sare daji, ya kai ga ruwa, ya hura wuta, wuri ya ɗauki sunansa. Gidan Jatau bai taɓa zama babban gari ba. Gidaje ne ƙalilan na kara da shibci, ba ganuwa, ba kasuwa, sai rijiya mai zurfin da in ka leƙa da tsakar rana za ka hangi ruwan can ƙasa kamar ƙwayar ido.

Zara'u ce ɗiyarsa ta fari, an haife ta a ranin da rijiyar ta ba da ruwa. Mutane kan ce su biyun sa'anni ne, kuma halinsu ɗaya, ba ka samun komi daga gare su sai da doguwar igiya. Zara'u gajera ce, baƙa, mai faɗin ƙafa. Ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi, maganar kan zauna inda ta faɗi kamar dutsen niƙa.

Abin da aka san ta da shi bizne ne, wato a shuka gero cikin busasshen yashi tun ruwa bai sauka ba, a bar shi kwance yana jira. Tana ƙarama take bin uban nata da ƴar ƙwarya a hannu. Shi yana gaba da sungumi, yana sara yana takawa, ita tana baya tana jefa ƙwaya a rami tana rufewa da diddige, yashin bazara na cin tafin ƙafarta. Jatau yakan ce mata damina a ƙasar nan gajera ce. In ruwan farko ya tarar da iri a ƙasa, a ranar yake fara aiki. In ya tarar da mutum yana neman ƙotar sungumi, to wannan ruwan ya tafi, ba ya komowa.

Da kaka kuma, kafin maza su shiga girbi, ita ke zaga gona da ƴar wuƙa tana zaɓen zangarniyar da za a ajiye. Doguwa take so, mai cikakken kai, wadda tsuntsu ya gwada ya kasa. Ta sussuke, ta gauraya da toka, ta ɗura a tulu, ta liƙe bakinsa da laka. Ba wanda ya ɗora mata wannan aiki. Ita ta ɗauka, aka bar mata.

Sai aka yi wata shekara da har yau tsofaffin wajen ke kira shekarar yayyafi. Gari duka ya yi bizne. Hadari ya taso kamar da gaske, ya zubar da ɗan abin da ya jiƙa saman yashi, ya wuce. Iri ya ji danshi ya farka, ya tsiro, rana ta fito ta ƙone shi tas. Da ruwan gaskiya ya iso babu sauran abin shukawa. Bayan yunwar da aka sha, dattawa suka zauna suka hana bizne: kada kowa ya sake jefa ƙwaya sai an tona an ga danshi ya kai tsawon tafin hannu. Jatau ya riga ya tsufa, ya sunkuyar da kai. Zara'u tana ɗakin miji a lokacin, can Atantane, wajen wani mai tuƙa igiyar kaba da ake kira Mamudu. Da labarin ya iso mata ta ce ruwa ne ya yi ƙarya, amma an kama gero an ɗaure.

Mamudu ya rasu, ɗiyarta ɗaya da ta rayu ta yi aure, Zara'u ta komo gidan ubanta ta yi jinyarsa. Da zai cika ya bar rijiya da gandu ga ƙanenta Auta, wanda shi kaɗai ya rage cikin maza, ya bar mata tulun iri. Auta ya zama mai gari. Mutum ne mai sanyin rai da son jama'a, ba mai gardama ba. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta taɓa barinsa ya mance ba.

A zamanin nan ƙasar Tasawa tana tsakanin manya masu ja, na gabas su ja, na yamma su ja, talaka a tsakiya kamar kirgi. Damina biyu suka zo gajeru a jere. A ranin da ya biyo, mahara suka faɗo wa garin da hantsi, suka kore shanu, suka kwashe abin da raƙumansu za su iya ɗauka, suka cinna wa sauran rumbuna wuta. Mutane sun tsira don sun watse cikin sabara. Da aka komo babu gero a garin ko na kunun jariri, sai tulun Zara'u, wanda ta daɗe da turbuɗewa a ƙarƙashin turken akuyarta.

Dattawa suka yanke shawara a bar wurin. Za a gangara kudu, wajen Korgom, inda dangin Tanna matar Auta ke zaune, a nemi aron gona kusa da gari mai ganuwa. Aka ce kowa ya shirya. Gari ya cika da ɗinkin mangala da gyaran akumari, mata na jiƙa ƴaƴan anza don ɗacinsu ya fita suna shanyawa don guzuri, ana rabe abin da jaki zai ɗauka da abin da za a bar wa gara.

Zara'u kuwa ta fito da sungumin Jatau ta zauna ƙofar ɗakinta tana sa masa sabuwar ƙota. A gefenta ga tarin kaba da ta yanko daga gulbi. Nan Auta ya same ta da safe.

Ya ce, “Yaya, kin kwana lahiya?”

“Lahiya lau, Auta.”

“Ban ga kayanki ɗaure ba.”

“Ba za ka gani ba. Ba inda za ni.”

Ya tsuguna, ya ɗauki ganyen kaba ɗaya yana jujjuyawa. “Yaya, gari ne ke tahiya, ba ni kaɗai ba. Wa za ki zauna da shi? Kura?”

“Ita dai ba ta taɓa ce mini in tashi daga gidan ubana ba.”

“Ɗiyan mutane na kwana da yunwa. Mahara sun san hanya, za su komo.”

“Su komo. Rumbu suka iya ɗauka. Ka taɓa ganin wanda ya ɗora gona bisa raƙumi?”

Sa'an nan Auta ya zo ga abin da ya kawo shi. Tulun yake so. Can kudu za su sauka hannu wofi, kuma ba mai ba baƙo gona ya haɗa masa da iri. Maganarsa gaskiya ce, Zara'u ta sani. Ta ci gaba da feƙe ƙota har ta zauna daidai, kana ta ce a tara mutane gindin gawo.

A gaban kowa ta fasa lakar bakin tulu. Ƙamshin toka da tsohon gero ya tashi, yara suka matso, iyayensu suka janye su. Ta ajiye ƙorai biyu, ta riƙa zubawa nan kaɗan can kaɗan har tulu ya ƙare, ta shafe saman kowace da tafin hannu, ta ce Auta ya zaɓa. Ya ɗauki ɗaya.

Wani dattijo mai suna Sa'idu, wanda yana cikin waɗanda suka hana bizne, ya nuna ɗayar da sandarsa. “Wagga hwa? Mi za ki yi da ita?”

“Ƙasa za ta, Baba. Gandun Jatau.”

“Yaushe?”

“Gobe da sahe, in Allah ya kai mu.”

Sa'idu ya ɗaga kai ya dubi sama, fes take, ba ko gizagizai. “Ke ɗiyar Jatau, kin mance an hana?”

“Ban mance ba. Wa ya hana?”

“Gari.”

“To, ai kun ce gari tahiya zai yi. Ku ɗaure hanin cikin kayanku ku tahi da shi, kada ku bar mini, ba ni da wurin ajiye shi.”

Wasu mata suka rufe baki da gefen zane. Sa'idu bai yi dariya ba. Ya ce abin da ke cikin ƙwaryar nan zai kai yaro guda Korgom da ƙafarsa, ita kuwa za ta ba kurege da zabi. Ya ce ya ga shekarar yayyafi da idonsa, ya bizne ƴaƴa biyu a cikinta. Zara'u ta ce ta sani, Allah ya jiƙansu. Ta ce amma wurin da damina ta wuce ba a jefa ƙwaya ba ya zama kufai, duk wanda ya zo ya yashe rijiya tasa ce, sunan Jatau ya bi iska. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka.

Washegari suna ɗaura wa jakai kaya, ita tana kan jigawa. Aikin mutum biyu ne, ita kaɗai take yi: ta sare layi har ƙarshe, ta jingine sungumi, ta komo tana jefawa tana rufewa. Ramukan nata sun fi na ubanta zurfi, don ita ma ba ta mance da yayyafi ba. Auta ya hauro ya tsaya bakin gona, igiyar rijiya naɗe a kafaɗarsa.

“Yaya, igiya da guga na gari ne. Da su za mu tahi.”

Ta san abin da yake nufi. Ba mugunta ba ce, so yake ƙishirwa ta biyo da ita. Ba ta ɗago ba.

“Ka tahi da su. Kabar da ka gani ƙofar ɗakina kana tsammani tabarmar biki zan saƙa? Mamudu bai bar mini saniya ba, amma ya bar mini hannu.”

“Za ki mutu nan.”

“Can da za ku an daina mutuwa?”

Ya daɗe tsaye. Daga baya ya sauke gugan ya rataye a reshen gawo, ya tafi da igiyar kaɗai. Ta ji kukan jakai da na yara yana raguwa, yana raguwa, har ya zama ba ta jin komi sai saran sungumi da numfashinta.

Ba ita kaɗai ta rage a wajen ba. Gabas da rijiya akwai bukkokin tabarma na wani Buzu, Gazali, wanda kowane rani yakan sauka nan da iyalinsa da awakinsa, in ruwa ya sauka ya yi arewa. Matarsa Mariyama doguwa ce mai kaifin baki, sun daɗe suna musayar gero da cuku da Zara'u, da zagi na wasa a kai. Ta zo ta tsaya tana kallonta, hannu a ƙugu.

“Ke Bahausa, rana ce ta taɓa ki? Kina ba yashi abinci, ke kina cin anza?”

“Buzuwa, in ba ki da aiki ki je ki ƙirga haƙoran raƙuminku.”

“Mahara sun gama mini wannan aikin.” Ta matso ta leƙa cikin ƙwaryar. “Yaya ake yi?”

“Ki tsinta da yatsu uku, ki jefa, ki rufe da diddige. Kada ki ci.”

“Ni in ci ɗanyen gero? Ni kaza ce?”

Ta ci kuwa, sau ɗaya, da ta ga Zara'u ta ba da baya, Zara'u ta ji ƙarar tauna ta yi kamar ba ta ji ba. Haka suka yi ta yi, safe da la'asar, har suka rufe jigawar tun daga tudu har kwarin da ke ƙasanta. Ranar ƙarshe Zara'u ta kife ƙwaryar ta buga bayanta.

Mariyama ta ce, “Ba ki rage ko tafi ɗaya ba?”

“Abin da na rage ci zan yi. Na san cikina.”

Daga nan sai jira, kuma jiran bizne ba zama ba ne. Zabin daji na zuwa da sassafe su yi tono, kurege na bin layi rami rami kamar shi ya shuka. Zara'u ta kafa kara ta rataya tsumma da fasassun ƙorai, ta riƙa zagawa da sanda, tana jifa, tana rufe inda aka tone. In rana ta take sai ta zauna inuwar gawo tana murza kaba a cinyarta. Kafin igiyar ta kai ruwa, da ta Gazali take ja, kuma ba ta taɓa jan nata ba sai ta fara shayar da awakinsa. Abincinta anza da ganyen jiga da ƙwallon goriba, sai ɗan nonon da Mariyama kan ajiye mata tana cewa ya yi tsami ne, ba mai sha. Zanenta ya riƙa zagaya ta fiye da da.

Shamuwa ta iso ta sauka kan gawo. Gawo ya fara zubar da ganye. Iska ta juyo daga kudu da nauyi a cikinta. Wata rana da azahar gabas ta haɗe, aka yi guguwa, aka yi tsawa, sai ga ɗigo manya manya suna faɗuwa kan yashi. Zara'u tana tsaye tsakiyar gona tana cewa a zuci, ko ka zo duka ko kada ka zo. Kafin zanenta ya jiƙe ya ɗauke. Hadarin ya yi yamma da abinsa.

Ƙasa ta yi ƙamshi, irin ƙamshin nan da ke sa dabba kuka, amma Zara'u ba ta taɓa ƙin wani ƙamshi kamarsa ba. A kwari, inda ruwan ya gangaro ya taru, gero ya ji kira ya amsa. Ya fito siriri, kore shar, layi layi, kyakkyawa kamar kitson amarya. Rana ta fito masa. Zara'u ta yi ta jido ruwa a tulu tana ɗiga wa gindi gindi, abin da ta san ba ya yi, rijiya mai zurfi da mace mai yunwa ba su shayar da gona. Tsiron ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta share wurin.

Mariyama ta same ta zaune a kwarin. Wannan karon ba ta zo da wasa ba.

“Zara'u, ya isa. Gazali ya ce in mun tashi ki biyo mu. Akwai jaki, akwai nono. Ba wanda zai ji labari.”

Zara'u ta miƙe, ta kama hannunta, ta ja ta har kan tudu. Ta durƙusa ta tona da yatsa. Saman yashin ya yi ɓawo, ƙasansa a bushe, can ciki ga ƙwayoyi kwance da tokarsu, yayyafin bai kai gare su ba. Ta nuna mata, ta mai da yashi ta rufe a hankali.

“Waɗannan ba su ji komi ba. Barci suke. In na tahi wa zai kore musu zabi?”

“In wani yayyafin ya komo?”

“Ya komo ya same ni.”

“Kanki ya hi goriba tauri.”

“Goriba ce ta riƙe mu bana.”

Ruwan gaskiya bai zo da hayaniya ba. Da hantsi sama ta yi baƙi tun daga gabas har tsaka, iska ta kwanta, awaki suka yi tsit. Ya sauko a tsaye, ya yi ta zuba har bayan la'asar, rufin ɗakin Zara'u ya yi yoyo ta ko'ina, ita tana waje. Da ya tsagaita ta cusa hannu cikin yashi har gwiwar hannu ba ta taɓo busasshe ba. A wannan rana duk manomin da ke ƙasar yana neman sunguminsa. Gandun Jatau kuwa ya riga ya kama aiki.

Bai fito duka ba. Kwari ya tafi, kurege ya ci rabonsa, layukan tudu suka fito da giɓi kamar bakin tsohuwa. Ta bi inda ya yi yawa tana ragewa tana dasawa inda babu. Su Gazali suka naɗe tabarminsu suka yi arewa. Mariyama ta bar mata akuya mai nono, ta ce aro ne, in ta komo ta tarar an cinye ta to za ta ɗauki rijiyar a madadinta.

Daminar nan Zara'u ta yi ta ita da akuyoyi biyu da gidajen mutane da ciyawa ke cinyewa. Ta yi noman farko da hauya har inda ƙarfinta ya kai, inda bai kai ba ta bar wa karangiya. Ta ci tafasa da yaɗiya. Zazzaɓi ya kayar da ita, ta tashi. Takan yi magana da gero don kada bakinta ya mance hanya. Ranar da ta karyo tumu na farko ta gasa, ba ta ci nan take ba. Ta je bakin kabarin Jatau ta zauna, ta murza a tafin hannu, ta hure, ta ci a gabansa.

Abin da ta girba ba abin kai labari kasuwa ba ne. Dammuna ne ƴan kaɗan, rumbu ƙarami ɗaya bai cika ba. Amma kafin ta yanki ko ɗaya sai da ta zaga da ƴar wuƙarta ta cika tulu.

Bayan kaka Auta ya zo, shi kaɗai, a ƙafa. Ya rame. Tun daga nesa ya hangi hayaƙi ya tsaya cak, sa'an nan ya ƙaraso. Ta ba shi ruwa, ta dama masa fura, ya sha har ya ga gindin ƙwarya. Da ya sauke jakarsa bakinta ya buɗe, farin ƙyalle ya leƙo. Zara'u ta jawo shi ta warware. Sabon fari ne, saƙar kudu, tsawon mutum da ɗori.

“Auta, wanga na wane ne?”

Ya dubi ƙasa. “Na ce ko ƙashi na tarar, kada in rufe shi tsirara.”

Ta murza ƙyallen tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga rana. “Ka iya zaɓe. Zan ajiye, zai yi amfani. Ba bana ba.”

Ya ba ta labarin kudu. Rabin irin da suka ɗauka ya ƙare a hanya, ba yadda za a yi, yara na kuka. Sauran an shuka a makare, a gonar aro, mai gona ya ɗauki nasa a kan abin da ya fito. Suna raye, amma baƙi ne, ko rijiya sai ƴan gari sun gama ja. Ya dubi tulun da ke kusurwar ɗaki da sabuwar laka a bakinsa.

“Yaya, ko ƙwarya guda.”

“A'a.”

“Jininki ne ke can.”

“Dami zan ba ka, ka kai wa Tanna ta yi wa yara tuwo. Iri kuwa ya yi tahiya sau ɗaya, na ji yadda ta ƙare. Duk mai so ya zo nan da sunguminsa, zan zuba masa da hannuna. Gonarsa na nan inda ya bar ta, ba wanda ya taɓa, don an ga hayaƙi a gari.”

“Su Baba Sa'idu za su ce sai kin bar bizne.”

“Ka ce musu ban aika a kira su ba.”

Ya tafi da dami a ka. Da bazara ta kama, gidaje biyu suka komo. Wata shekara wasu suka biyo, da Auta a cikinsu, har da Sa'idu a kan jaki. Ba a taɓa zama an ɗage hanin ba, kuma ba a sake ambatonsa ba. Wasu suka riƙa bin ta jigawa tun ruwa bai sauka ba, wasu suka riƙa jiran danshi, kowa ta zuba masa iri daidai. Akwai shekarar da bizne ya ci, akwai wadda yayyafi ya sake yin ƙarya, masu jira suka ba masu bizne aro. Auta yana cikin masu jira. Yakan ce shi mai gari ne, ba ya karya abin da dattawa suka ɗaure. Takan ce masa tun yana goye ba ya sauka sai ya ga an shimfiɗa tabarma.

Ta tsufa a haka, baya ya ranƙwafa, ido ya yi hazo, amma yatsunta ba su daina gane zangarniya ba. Kowace kaka takan fito da farin ƙyallen ta kakkaɓe, ta shanya, ta duba ko gara ta taɓa, ta mayar. Bazarar ƙarshe, gab da zuwan Nasara ƙasar, ta hau jigawa da safe kamar kullum. Da rana ta ɗaga aka ga ba ta sauko ba. Aka same ta zaune ta jingina da gawo, ƙwarya a cinyarta da sauran iri a ciki, sungumi kwance inda layi ya tsaya.

Aka rufe ta kusa da Jatau cikin farin da ta ajiye. Mariyama, wadda ita ma ta tsufa, ta ce wannan Bahausa ko a mutuwa ba ta bari an jira ta ba.

Da aka watse daga maƙabarta Auta bai bi mutane gida ba. Ya hau jigawa. Sama fes take, ba ko gizagizai, yashi na cin ƙafa. Ya tsaya inda sawunta ya ƙare, ya dubi rabin gonar da ba a taɓa ba. Ya duƙa ya ɗauki sungumin, ya gwada nauyinsa, ya waiwaya ya kira Tanna ta kawo ƙwaryar.